Abin da Ya Hana Ni Zuwa Gaisuwar Alhaji Mamman

Hafsat ce ta tayar da wannan magana, da ta dawo daga bikin ƙawarta a Damagaram fuska a murtuke. Wai wata tsohuwa ta tare ta a tsakiyar mata, ta tambaye ta ko ita ce 'yar Rabi ta Misira, wadda aka yi mutuwa ta ƙi zuwa gaisuwa saboda tana can tana yi wa 'yan Sin bauta. To, da farko dai ba 'yan Sin ba ne, mutanen Koriya ne, kuma da an faɗi haka a gabansu da kun ga ɓacin rai, kamar yadda babanku yake hawa in Bamisire ya kira shi Basudane. Na biyu, ba bauta na yi ba. Amma rashin zuwa gaisuwar, wannan gaskiya ne, ban je ba. Tunda maganar ta ƙi mutuwa har ta biyo ku, gara ku ji ta daga bakina tun ina da sauran haƙora.

Sai na fara gaya muku ko wace ce Hajiya Gambo, don in ba ku san ta ba, ba za ku san nauyin abin da na yi ba. Babanku ya kawo ni Alƙahira ina amarya, shi yana karatu, muna ɗaki ɗaya a Abbasiya, ban iya Larabcin sayen albasa ba. Hajiya Gambo matar Alhaji Mamman ce, wani ɗan kasuwa Badamagare mai kai littattafai da jallabiyu gida. Gidansu na nan Abbasiya shi ne gidan kowa. Ɗalibin da kuɗin karatunsa suka makara nan yake cin tuwo, matar da suka saɓa da mijinta nan take huce zuciya. Da na haifi Sadiq, uwata tana Kano, ba kuɗin jirgi. Hajiya ce ta ɗauke ni cak ta kai ni gidanta. Ita ta dafa ruwa safe da yamma har na yi arba'in, ita ta dama kunun kanwa, ita ta tsare ni da zagi har sai na shanye. Tun daga nan ba ta ƙara faɗin sunana ba. Ko a cikin taro, ko a waya, ko faɗa take mini, "'yata" take cewa. Har wasu sababbin zuwa suna zaton ita ta haife ni, ni kuma ba na gyara musu.

Da babanku ya gama karatu ya samu aikin fassara a wani kamfani, sai muka koma Ma'adi. Unguwa ce mai itatuwa da shiru, irin shirun da ke sa mutumin Kano ciwon kai. Ka wuni ba wanda ya yi maka sallama sai bawwab, mai tsaron ƙofar gidan. Shaƙƙar da ke kallon tamu kuwa, wato sashen benen da ke fuskantar namu, wasu mata da miji ne suka shigo 'yan watanni bayan mu. Abin da na fara lura da shi takalmansu ne, a jere a bakin ƙofa kamar na masallaci. Na ce a raina, waɗannan dai sun san tsarki. Matar sunanta Sujin, siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Ranar da muka fara haɗuwa wajen mai kayan miya, tana ta juya wani kabeji kamar za ta yi masa tambaya, ko gaisawa ba mu gama ba ta tambaye ni shekaruna da yatsu. Na ji haushi, na ce wannan wace irin tsaurin ido ce. Ashe su ba sa iya magana da mutum sai sun san wane ne babba, don su san irin girman da za su ba shi. Da ta gane na girme ta, ta sunkuyar da kai, daga ranar ta koma kirana Abla, yadda ta ji Misirawa suna kiran babbar yaya. Ko cokali za ta miƙo mini, da hannu biyu take miƙowa.

Larabcinta gurgu, nawa mai ɗingishi, da su muka yi ta tafiya, hannu yana cike inda baki ya gaza. Na koya mata ciniki, don farashin da aka fara faɗa take biya har da godiya. Ita kuma ta nuna mini yadda suke zaune a ƙasar mutane. Sun mayar da cocinsu ranar Juma'a, tunda ita ce ranar hutu a Misira, kuma ba ibada kaɗai ke kai su ba, can ake jin inda aka samu farin kabeji da wanda zai dawo daga gida da garin barkono. Matan kuwa girman kowace yana bin muƙamin mijinta a kamfani. Mijin Sujin ƙaramin injiniya ne a wata masana'anta can bayan gari, saboda haka ita ce mai zuba shayi da wanke kofuna, kuma ba ta isa ta ce wa matar manaja kaina yana ciwo ba. Ya fita tun asuba, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Duk macen da ta samu ciki a cikinsu, in ya tsufa gida take komawa ta haihu a gaban uwarta. Sujin ce kaɗai na ga cikinta ya tsufa ba ta haɗa kaya ba. Na tambaye ta, ta ce mahaifiyarta ta rasu. Na ce uwar miji fa? Ta koma gyara takalman bakin ƙofa da suke a gyare, ni ma na bar maganar.

Ta haihu a tsakiyar zafi, lokacin da yawancin matansu sun tafi hutu gida da yara. Mace ta samu, ranar Talata, shi ya sa har yau Talatu nake ce mata, sunan yankanta Yuna. Kwana biyu da dawowarsu daga asibiti Hajiya Gambo ta kawo mini ziyara, na gaya mata maƙwabciyata ta sauka. Kun san Hajiya, ko ba ku san ta ba kun ji labari, ba a haihuwa kusa da ita ta zauna. Ta ce yalla, tashi mu yi barka. Na ɗauki turmin atamfa da sabulu, muka tsallaka. Sai muka tarar da wata igiya an ɗaure ta a saman ƙofar daga wannan gefe zuwa wancan, an soka mata gawayi da wasu siraran ganyaye. Hajiya ta kalle ta ta yi a'uziyya. Muka ƙwanƙwasa. Mijin ya buɗe kaɗan, iya faɗin fuskarsa, ya yi ta sunkuyawa yana cewa ma'alish, ma'alish, wato mu yi haƙuri, ya karɓi kayan da hannu biyu, ya sake sunkuyawa, ya rufe ƙofa. Muna tsaye kamar masu talla. Ni kunya ta kama ni, Hajiya kuwa sai da muka koma ɗaki ta zauna ta gyara mayafi tukuna.

"'Yata, waɗannan ne maƙwabtan naki? A girmana, yau aka rufe mini ƙofar gidan haihuwa."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Matar bawwab ma ta ce ita ba ta taɓa ganin haihuwar da ba a yi bikin kwana bakwai ba, kuma ta gaya mini gawayin daga gidan shisha mijin ya roƙo, ganyen kuma a bakin titi ya tsinko don bai samu irin na ƙasarsu ba. Na ce su ƙarata, kowa ya ci zamansa. Amma ginin Misirawa yana da wani rami a tsakiya da suke kira manwar, inda tagogin kicin suke kallon juna don shan iska, kuma ba abin da yake ɓoyewa. Da hutun mijin ya ƙare ya koma aiki, na fara jin kukan jaririyar. Kukan jariri ba abin mamaki ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ba na jin muryar kowa a bayan kukan. Ba rarrashi, ba motsin tukunya, ba ƙamshin tafarnuwar nan tasu da ta saba cika mini kicin. Wata rana da hantsi na leƙa ta tagar, na hango ta zaune a ƙasa ta jingina da firji, cikin rigar sanyi da safa a wannan zafi, kwanon miya a gabanta ba ta taɓa ba, 'yar tana ta tsala kuka a can ciki. Na kira ta, ta ɗago ta kalle ni kamar ba ta san ni ba.

Na manta da fushi na je na dinga dukan ƙofar nan. Ta daɗe kafin ta zo, kuma ba ta buɗe ba, ta bayan ƙofa muka yi magana. A nan na ji abin da igiyar take nufi. A ƙauyensu, in aka haihu, sati uku ba baƙon da ke shiga, don kada a kawo wa jariri cuta ko wani mugun abu, musamman wanda ya fito daga gidan mutuwa. Yawancin mutanensu na yanzu sun daina ɗaura igiyar. Ita ma a haihuwarta ta fari ba ta ɗaura ba. Namiji ne, wani kawun mijin ya biyo daga jana'iza ya shigo ganinsa, an watsa masa gishiri a ƙofa yadda suke yi, amma kafin wata ya zagayo yaron ya koma. Likitoci sun ce zuciyarsa ce. Uwar mijin ta ce ƙofar da aka bari a buɗe ce, kuma ta faɗa a gaban dangi. Abin da ya sa mijin ya karɓi aikin Misira ke nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina tsaye ina jin ta, sai na ga inda gizo ke saƙar. Al'adar tasu ba ta da laifi a gida, don in an rufe ƙofa, akwai uwa a ciki mai dafa miya da ɗaukar jariri. Sujin ta ɗauko igiyar ta kawo Alƙahira, amma uwar ba ta biyo ta ba. Na ce mata ni ba baƙuwa ba ce, mai jego ba ta zama ita kaɗai, ko a garin wa. Sai ta yi tambaya ɗaya.

"Abla, kin je gidan da aka yi mutuwa?"

Na ce ban je ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta buɗe, na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar na shiga.

Jikinta zafi rau, nono ya yi dutse, 'yar ba ta samun komai. Na sa ta kira mijin, na karɓi wayar na ce masa ya turo likita yau ba gobe ba, likita ba baƙo ba ne. Aka ba ta magani. Sauran aikin kuma na san shi, don a jikina Hajiya ta koya mini. Mun sha rigima da Sujin kan wanka. Su a wajensu mai jego ba ta taɓa ruwa da wuri, mu kuwa ruwan ne maganin. Amma abin dariya, duk abu ɗaya muke tsoro, sanyi. Kada iska ta shige ta, kada ta sha ruwan firji, kada ta taka ƙasa ba safa. Da ta ga tururin tukunyata sai hankalinta ya kwanta. Ban samu darbejiya ba, na sa bawwab ya karyo mini ganyen turare, wanda suke kira kafur, yana nan birjik a Ma'adi. Muka fara da tsumma mai zafi, a hankali har ta yarda da ganye. Ita kuma ta koya mini miyarsu ta mai jego, wani baƙin ganye ne na teku busasshe, a jiƙa shi ya kumbura, a dafa da naman sa da man riɗi. Santsi kamar karkashi, ƙarni kamar bakin kogi. Sau uku a rana take sha. Na dama mata kunun kanwa, ta kurɓa ta yamutsa fuska, na ce shanye, ni ma haka aka yi mini. Ku kuna yara lokacin, kuna hutu, ina tsallakowa in ba ku abinci in koma. Cikin 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauka, nono ya kawo, na fara jin tana yi wa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Ana cikin haka Alhaji Mamman ya faɗi a shagonsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Saura wajen kwana goma a kwance igiya.

Babanku ya tafi jana'iza, ya dawo ya same ni na sa mayafi na cire ya fi a ƙirga. Ya ce wannan magana ta gidan mutuwa camfi ce, ba abin da ke ɗaukar ran jariri sai kwana ya ƙare. Na ce na sani, ban taɓa shakka ba. Ya ce to ki je ki dawo, ba sai ta sani ba, metro ne, jirgin ƙasan cikin gari, kafin la'asar kin dawo. Wallahi na so in yi hakan. Amma yarinyar nan tambaya ɗaya ta yi mini kafin ta buɗe ƙofarta, kuma a kan amsata ta buɗe. In na shiga da ƙarya a bakina na ɗauki 'yarta, ko ba abin da ya faru, na zama kawun nan. In kuma Allah ya kawo ko da mura ce, ta ji daga baya, ba za ta ƙara buɗe wa ɗan Adam ƙofa ba. Na ce zan gaya mata gaskiya. Babanku ya ce shi bai hana ni ba, bai sa ni ba, amma in tuna Hajiya uwata ce, kuma zumunci a ƙafa yake.

Na tsallaka na gaya wa Sujin wanda ya rasu. Ta tuna Hajiya, tsohuwar da aka rufe wa ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta ce in tafi, dole in tafi, ta ma ba ni haƙuri. Sannan ta miƙe a hankali ta shiga kicin. Ina zaune na ga ta fito da tukunyata ta wanka, ta wanke ta tas, ta ninke zanen da nake ɗaurawa, ta haɗa da ragowar kanwar da ludayina, ta jera su a bakin ƙofa. Ta sunkuya mini har ƙasa tana godiya. Sallama take yi mini, don ta san in na tafi ba zan sake shigowa ba sai an kwance igiya, kuma ba ta ga laifina ba. Na tuna yadda na hango ta a jikin firji. Na kuma tuna gidan Hajiya yadda na san shi a irin wannan rana, mata har kan matakala, ɗalibai suna sauke Alƙur'ani, tukwane a kan wuta, ba inda za ka sa ƙafa. Can mutum ɗari ne za a rasa ɗaya. Nan mutum ɗaya ne, in ya fita ba kowa. Na ɗauki tukunyar na mayar kan wuta.

Kada ku ɗauka lissafin ya ba ni kwanciyar rai. Na kira Hajiya a waya a ranar, wata ce ta ɗauka, na ji ta kai mata saƙo, na kuma ji amsar da kunnena: gaisuwar waya ta wanda ke ƙetaren teku ce. Aka yi sadakar uku ban je ba, aka yi bakwai ban je ba. Ina gasa jikin Sujin hawaye yana zuba cikin ruwan, ita tana zaton tururi ne, ko kuma ta gane ta yi mini kara. Babanku yana dawowa da maganganun mutane, wasu ya faɗa mini, wasu ya haɗiye. Wai Ma'adi ta shiga kaina. Wai biyana suke da dala. Wai igiyar nan asiri ce, ta ɗaure ni. Na rantse muku ko fam ɗaya ban karɓa ba, kuma ba su yi mini tayin da zai zama cin fuska ba.

Ranar da aka kwance igiya ban ko karya ba na kama hanyar Abbasiya. Ina shiga ɗakin ya yi tsit. Hajiya tana kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu, ta rame. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi wa Alhaji addu'a. Ta amsa yadda ake amsa wa kowa, ta ce Allah ya ba da lada. Sannan ta ɗago.

"Rabi, kin samu fitowa?"

Shekara da shekaru ban ji sunana a bakinta ba. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na buɗe baki zan yi bayani, ta juya ta tambayi wata ko an kai wa maza shayi. Na zauna har magariba, ba wadda ta matsa mini wuri, ba wadda ta kore ni.

Da Talatu ta cika kwana ɗari, Sujin ta turara wata farar waina ta garin shinkafa, ba suga sosai, ba mai. A al'adarsu sai mutane da yawa sun ci, har ɗari in an samu, don yaro ya yi tsawon rai. Ta ƙirga waɗanda ta sani a duk Misira, ba su cika ba ko da bawwab da 'ya'yansa. Na yi dariya na ce in dai bakin ci ne, mu Allah ya hore mana, Abbasiya kaɗai ta isa. Sai ta ce za ta bi ni. A tsakanin nan mijinta ya ji daga babanku abin da Hajiya take a wajena, da abin da zamana ya jawo mini, kuma tun ranar Sujin ba ta iya haɗa ido da ni sosai. Na so in hana ta, ta riga ta saɓa 'yar a baya da wani zanen goyo nasu mai igiyoyi. Ashe su ma goyo suke yi. Muka shiga metro, Misirawa suna ta kallonmu.

Ɗalibai suka yi wa wainar rubdugu tun a matakala. Muka shiga wajen Hajiya, har lokacin tana takaba. Sujin ta sauke 'yar ta ba ni, ta tsaya a gabanta, ta haɗa hannu a goshi, ta tafi ƙasa gaba ɗaya har goshinta ya taɓa tabarma, irin gaisuwar da suke yi wa iyaye. Mata suka ɗauki salati. Hajiya ta yi wuf ta kama kafaɗarta ta ɗaga ta, ta ce mini in gaya mata ba a yi wa mutum wannan, Allah kaɗai. Amma ba ta saki kafaɗar ba. Ta kalli fuskar Sujin ta daɗe, ta ja fatar idonta ta duba, ta danna mata ciki da tafin hannu kamar yadda ta yi mini a da. Ta miƙo hannu na ba ta Talatu, ta duba cibiya, ta shafa maɗiga, ta yi mata addu'a ta tofa. Ta tambayi wa ya yi wa mai jegon wankan, na ce ni. Ta ce da wane ganye, na ce turare. Ta ce ba laifi, amma da na nemi na gwaiba na haɗa. Ta gutsuri wainar ta tauna, ta ce wannan ai ba gishiri, ta kuma gutsura. Zuciyata ta yi sanyi, na ce khalas, an wuce wajen. Da muka tashi tafiya Sujin ta yi gaba da goyonta, na durƙusa yin sallama, sai Hajiya ta riƙe gefen mayafina, ta yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Kin yi aiki mai kyau, ba zan ce ba ki yi ba. Amma ranar nan ɗaki cike yake, ni kuwa ƙofa nake kallo."

Lissafina na mutum ɗari da mutum ɗaya daidai ne a wajen Sujin. A wajen Hajiya ba mutum ɗari take jira ba.

Sujin ba ta koma ƙasarsu ba. Da kwantiragin mijin ya ƙare suka zauna, ta buɗe ɗan gidan abinci a Ma'adi, Larabcinta ya fi nawa yanzu, har faɗa take da masu tasi. Duk wata yarinyarsu da haihuwa ta kama a Alƙahira ba uwa kusa, ita ake kira, ta je da baƙin ganyenta na teku da ganyen kafur, ta shiga ta rufe ƙofa. Talatu ta girma, ita ce mai turo mini hotunan nan da kuke cewa wace ce wannan. In wani ya sake tare ku, ku ce eh, uwarmu ba ta je ba, ga kuma dalili. Amma kada in ji ɗayanku ya ce Hajiya ta cika riƙo, don ba ku da bakin faɗin haka, kai ma Sadiq da hannunta aka fara yi maka wanka.

Da Hajiya ta fita takaba ta koma Damagaram wajen 'ya'yanta. Muna waya da salla, tana tambayar ku ɗaya bayan ɗaya, tana aiko mini da kanwa da kilishi in ta samu mai zuwa. Ba ta taɓa sake tayar da maganar ba. Duk lokacin da ta ɗauki waya nakan ɗan yi shiru kafin in yi sallama, ko za ta riga ni da kalmar nan ta "'yata". Rabi take cewa. Da ta rasu muna Kano, a ranar na hau mota, na riga wasu 'yan garin isa, na zauna har aka yi bakwai. Mutane suna ta yaba mini zumunci. Ni dai na san ba wannan gaisuwar take bina ba.